Sandar Fatsa Don Ruwan da Ban Taɓa Gani Ba

Na bar Lagdo tun kafin assalatu,
kuɗin bandar wata uku a ƙulle cikin hula,
na sauka Garwa rana na tsakar ka,
ina cigiyar rumfar Hamajoda,
mai gwanjon kayan ruwa.

Shekara arba'in da ɗoriya ina su.
Na san tarwaɗa da motsin laka,
na san giwan ruwa da nauyin shirunsa,
in tsage ya taɓa koto
tun daga kafaɗa nake jin haƙoransa.
Yau ga ni ɗan koyo,
ina cinikin sanda
don ruwan da ban taɓa tsoma wa ƙafa ba.

Isiyaku ne, autana.
Gadi yake a tashar jiragen Kiribi.
Ya ce a waya: Baba, ruwan nan ba shi da tsallake,
kuma ba ya shawuwa.
In ya tashi aiki da asuba
tafin hannunsa kan yi ƙaiƙayi,
sai ya hau duwatsu ya yi ta kallo.
Bai roƙe ni komai ba.
Shi ya sa na zo.

Hamajoda ya jera huɗu a kan buhu.
Na ɗauki siririyar, mai rawa kamar karan gamba.
Ajiye, Malam Barau, ta karfasa ce.
Teku sai doguwa, tsayin mutum biyu,
don jifa ya wuce inda igiyar ruwa ke fashewa.
Gindi mai tauri, kai mai ladabi,
ta ɗau dalma mai nauyi ba tare da kuka ba.

Sai abin naɗe zare.
Shi ya ce muline, ni na ce kwarkwaro,
don kakana masaƙi ne.
Na kai kunne, na juya.
Na farko na tari kamar tsohon babur.
Na biyu sai sheƙi,
amma mai rumfa da kansa ya taɓe baki:
gishiri zai cinye shi kafin Sallah ta zagayo.
Na uku mummuna ne, fenti ya goge,
wani ya kankare harafi a gefe da tsinin wuƙa,
amma yana juyi shiru,
irin barcin wanda ya biya bashi.

Na ce: Gishirin har ƙarfe yake ci?
Ya ce: Ba ka ga abin da kanwa ke yi wa tukunya ba?
Duk sanda ya dawo ya ɗauraye da ruwan daɗi,
ya ɗiga mai, ya shanya a inuwa.

Na ɗaura zaren a ƙafar benci,
na ja da baya, na ja,
har sandar ta rusuna kamar mai gaida suruki.
Masu ɗinki a maƙwabta suka tsai da keke.
Ba ta karye ba.
Bayana ne ya yi ƙara.

Jaka arba'in, in ji shi.
Na taya ashirin, ya ce albarka.
Muka yi la'asar a sahu ɗaya,
muka dawo muka haɗu a talatin da biyu,
ya yi mini gyara da kunshin zare mai kauri.

A tasha na naɗe ta da tsohon bargo,
na rubuta sunan yaron sau biyu.
Mota za ta kai ta Gaundare,
daga nan jirgin ƙasa, daga nan ban sani ba.

Ban san sunan kifin da zai ja ta ba.
Ban san koton da yake so ba.
Ƙullin ƙugiya dai nawa ne,
wanda ubana ya koya mini a bakin Binuwai,
na yi shi sau uku don ya kwance ya tuna.

Kuma cikin bargon, can ƙasa,
na cusa 'yar kwalba mai murfin kwano,
na cika ta jiya da yamma a mashayarmu.
Ba magani ba ne.
Ranar farko da kwarkwaron ya sha gishiri,
ya wanke shi da ruwan gida.